Ranar da Giya Ta Ƙare Mini a Kan Dutsen Stelvio

Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba. Wata rana ce cikin watan Mayu, muna hutun cin abinci a ma'ajiyar tuffa da nake aiki kusa da garin Merano, can arewacin Italiya, talabijin yana nuna tseren keken nan nasu da suke kira Giro d'Italia. Mutanen nan in ana wannan tsere ko gobara ta tashi sai an gama za su kashe. Kowa ya saki baki yana kallon wasu samari sirara kamar sillen kara suna hawa dutse suna zaro harshe. Ni kuwa ina gefe ina cin shinkafata, sai kawai na ji bakina ya ce, "Wai har biyan su ake yi a kan wannan?"

Ɗakin ya yi tsit. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na gyara zama na ƙara gishiri. Na ba su labarin keken babana, baƙin Phoenix mai kariya wanda ba shi da giya ko ɗaya, yadda nake ɗaure masa buhun gero, in ɗora ƙanina a kan buhun, in tuƙa daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Wudil in dawo a tsakiyar bazara, ba hular kwano ba gorar ruwa. Duk gaskiya na faɗa. Abin da na ɓoye shi ne hanyar tamu shimfiɗe take kamar tabarma, tudun da ya fi tsawo a kanta kwalbati ne, kuma rabona da ɗora ƙafa a feda shekara 11.

Wani abokin aikina, yaro mai ladabi ɗan asalin yankin, ya ce lallai babansa zai so ya san ni. Tsohon shekararsa 71, kuma duk shekara sai ya hau Stelvio da keke. Na ce mene ne kuma Stelvio? Ya ce wata 'yar hanya ce nan bayansu. 'Yar hanya fa ya ce. Ban yi masa Allah ya isa ba, amma maganar tana nan a ajiye.

Da na tambayi wayata a daren nan, da ta gaya mini cewa wannan 'yar hanya tana ratsa tsaunukan Alps ne a tsayin mita 2,757. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Wato in ka hau ƙololuwar ƙasarmu gaba ɗaya ka tsaya, sai ka ɗaga kai kafin ka hango inda na yi alkawarin kai keke. Daga garin Prato da ake tashi kilomita 24 ne da 'yan kai, cikinsu za a ɗaga sama mita 1,800, da kwana 48 irin wadda mota ke juyowa ta fuskanci inda ta fito. Ban tambaya ba. Ina ganin wanda ya kai buhun gero Wudil ba ya neman shawarar waya.

Ranar wata Asabar cikin Agusta muka haɗu a Prato da sassafe. Sun karɓo mini keken haya. Na ɗaga shi da yatsa biyu ya taso, tayoyinsa kamar tsintsiya, sirdinsa kuwa in ka ba yaro ya zauna a kai sai a ce ka zalunce shi. Suka miƙo mini wani ɗan gajeren wando mai kama jiki, an cusa masa soso a gindi. Na juya shi, na tuna ni ɗan gidan mutunci ne, na sa shi a ciki na ɗora dogon wandona na yadi a kai. Sai takalmi. Takalmin nan yana da ƙarfe a ƙasa wanda ke maƙalewa a feda, in za ka sauka sai ka murɗa diddige waje. Sun yi mini bayani sau biyu. Na ce na gane tun a na farko.

Tsohon ya iso a kan kekensa, ɗan ƙaramin mutum, furfura fat, ƙwaurinsa kamar igiyar guga da aka murɗa. Na gaishe shi da hannu biyu na ce masa Baba, tunda haka aka koya mana. Ya dubi wandona. Ya dubi ledar da na rataya a hannun keke, kilishi da dabino a ciki. Ya miƙo mini wasu 'yan fakitin abu mai yauƙi da suke tsotsa a hanya, na ce na gode, ni ba na shan abincin jarirai. Bai ce komai ba sai "Piano, piano." Sannu-sannu ke nan da Italiyanci, ko da yake a gida Jamusanci yake yi kamar yawancin mutanen wannan kwari.

Na hau, na ji ƙafa ta ce ƙas a feda, na zaga filin ajiye motoci sau ɗaya don su ga gwaninta, na taka birki a gabansu. Keke ya tsaya. Ƙafa ta ƙi fita. Na ja, na sake ja, sannan na tafi ƙasa a hankali, a nutse, kamar bishiyar da aka sare, keken yana manne da ni. Ba mu ma fara tafiya ba. Yaron ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, wai tari ne ya kama shi.

Farkon hanyar yaudara ce tsagwaronta. Tana bin gefen wani rafi mai ruwan toka-toka da ke gangarowa daga ƙanƙarar tsaunuka, hawan ba ya da tsanani, iska tana kaɗawa, itatuwa ko'ina. Na ji jinin Wudil ya motsa. Na taka, na wuce yaron, na wuce Baba, har na laluba neman ƙararrawa in kaɗa masa, ashe keken ba shi da ita. Na wuce ƙauyen Gomagoi da tsohon sansanin sojan Ostiriya da ke bakin hanya. Gumi ya fara, cinya ta fara magana, amma ina cewa a raina ai an kusa. Can sai hanya ta yi wata irin juyawa, na ga allo a gefe an rubuta 48.

Wallahi hamdala na yi da ƙarfi. Na ce ashe duk 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da na wuto su ne kwanonin da ake ta zuzutawa, ga ta 48 na iso. Na fara tsara abin da zan faɗa ranar Litinin a wurin aiki. Na ɗan ƙara gaba ina neman inda ake tsayawa, sai ga wani allon.

47.

Daga sama suke ƙirgowa. Wadda na yi wa hamdala ita ce ta farko.

A nan Baba ya iso ni. Ba ya haki, ba ya gumi, ƙafafunsa suna juyawa kamar keken ɗinki. Ya jera da ni ya shiga ba ni tarihi, ɗansa yana cike masa inda Italiyancina ya gaza. Wai Sarkin Ostiriya ne ya sa aka yi hanyar tsakanin 1820 da 1825, lokacin da yankin Lombardiya yake hannunsu, don sojoji da kaya su riƙa wucewa. Injiniyan sunansa Carlo Donegani. Dalilin yawan kwanonin kuwa, an yi hanyar ne don keken doki, dole a karya hawan yadda dabba za ta iya ja. Na so in ce to ina dokin, me ya sa aka kawo ni a madadinsa, amma numfashin da zan yi maganar da shi ina bukatarsa a wani wurin. Da muka shiga Trafoi ya nuna mini gari da haɓa, ya ce nan aka haifi Gustav Thöni, gwanin zamiya a kan dusar ƙanƙara da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1972. Mutumin kirki, na ce a zuci, shi ya gane dutse gangarowa ake yi daga kansa.

Bayan Trafoi suka ce za su jira ni a sama. Na ɗaga musu hannu irin na wanda yake da wani shiri nasa.

Daga nan hanyar ta cire kunya. Ta shiga daji ta miƙe tsaye. Na tuna da guzurina, na yago kilishi na tura a baki, kuma duk wanda ya san yajin kilishi ya san abin da ya biyo baya. Kafin in sha kwanoni biyu na shanye gorar ruwana kaf, harshe ya zama kamar fatar ganga. Ina cikin wannan sai ƙafar wandona ta shige sarƙa. Na ji ƙyaaat, feda ta cije, na tuna da murɗa diddige bayan na riga na isa ƙasa. Faɗuwa ta biyu. Na zauna a bakin hanya ina ciro yadi daga haƙoran sarƙa, hannu duk baƙin mai, ƙafar wando ɗaya ta tsage har gwiwa. Dole na cire shi na cusa a leda. Haka na tsaya a tsakiyar Turai da ɗan wandon da na raina da safe, ina jan riga ƙasa, ina addu'ar kada Allah ya kawo ɗan garinmu.

Ba ɗan garinmu da ya zo. 'Yan babur ne suka yi ta wucewa rututu, manyan mashina masu ruri kamar jirgi, kowanne ya ɗaga mini babban yatsa. Masu keke kuma duk wanda ya wuce sai ya ce "Forza!" ko "Dai, dai!" Na farko yana nufin ƙarfi, na biyu kuma irin "haba, yi mana". Ni kuwa kunnena na Bahaushe "daidai" yake ji, ina cewa a'a, wallahi ba daidai ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai fito ne. Ina tafe ina layi sai in ji an yi fito mai ƙarfi daga cikin duwatsu, fiit! Na waiga ba kowa. Na ƙara gaba, fiit! Na tabbata wasu yara ne suka laɓe suna yi mini tsiya, har na tsaya na yi musu daƙuwa. Sai na hango mai fiton a kan wani dutse: wata dabba ce mai kama da gafiyar da ta samu duniya, ta tsaya da ƙafa biyu tana kallona. Marmot suke ce mata, fiton gargaɗi take yi wa 'yan uwanta in ta ga haɗari. Ban san haɗarin me ta gani a jikina ba. Ko ta taso ta bi ni da tafiya, sai ta riga ni.

Sai wata tsohuwa ta zo ta wuce ni. Tana zaune a miƙe, da kwando a gaban kekenta, tana murmushi, ta ce mini barka da rana. Na kusa kuka. Sai da ta yi nisa na lura da batirin da ke manne a jikin keken, na lantarki ne. Wannan batiri shi ya ceci abin da ya rage na mutuncina, kuma har gobe ina yi wa wanda ya ƙirƙiro shi fatan alheri.

Wajen kwana ta 24 itatuwa suka ƙare, kwarin ya buɗe, na ɗaga kai. Gara da ban ɗaga ba. A hagu ga dutsen Ortler, mita 3,905, fari fat da ƙanƙara a watan Agusta. A gaba kuma ga wani bango ya tokare sama, hanyar tana hawansa tana kai da komowa kamar ɗinkin zigizagi a wuyan riga, motoci a kai kamar tururuwa, can ƙarshe wasu 'yan gine-gine kamar akwatin ashana. Duk sauran kwanonin a jere a gabanka, ba wadda aka ɓoye maka don tausayi. Na danna abin canja giya in samu mai sauƙi. Bai motsa ba. Na sake dannawa. Na leƙa baya na ga sarƙa tana kan babban faifai na ƙarshe, ashe tun Trafoi nake kanta.

Na lallaɓa zuwa Franzenshöhe, wajen kwana ta 22, inda akwai wani tsohon masauki, na sami ruwa. Azahar ta yi, na ce bari in yi alwala. Ruwan nan da ya taɓa fuskata sai da na tuna sunan kakan kakana. Na yi sallata ta matafiyi a kan ciyawa, kuma ban taɓa jin daɗin sujada irin ta ranar ba, don da ƙyar na yarda na ɗago. Ina kwance bayan na sallame sai waya ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Babana, lafiya nake jin kana haki kamar an biyo ka?"

"Lafiya lau Hajiya, dutse nake hawa da keke."

"Me ake sayarwa a saman?"

"Ba komai."

"To wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

Ta yi shiru. "Garin ba mota ne?"

Na ce akwai, ga su nan ma suna wuce ni. Iskar wurin ta riga ta yi ƙaranci, don a irin wannan tsayi abin da mutum ke shaƙa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kaina yana juyawa, ban tauna maganata ba na ce, "Hajiya, matsalar ita ce giya ta ƙare mini. Da zan samu ko guda ɗaya ce da na ƙarasa."

Salatin da ta saka sai da marmot ta amsa. Ina "ta keke, Hajiya, giyar keke!" layin ya yanke. Na kira, na sake kira, ba sabis.

Sauran hanyar ba na son dogon bayani a kanta. Daga kwana ta 14 na sauka na fara turawa, takalmin ƙarfen yana ƙwas-ƙwas a kwalta, ina tafiya kamar agwagwa. Na cinye dabinon, na tsotse ƙwallayen. Na sami fakiti ɗaya na abincin jariran nan a aljihun rigata, ashe Baba ya saka mini ban sani ba, na tsotse shi har na tsaga ledar na lashe. A wata kwana na hango mai ɗaukar hoto ya tsuguna da kyamara, irin masu ɗaukar mahaya su sayar musu daga baya. Nan da nan na haye keke, na gyara fuska, na wuce shi ina murmushi kamar ango, ina shan kwanar na sauka na ci gaba da turawa. Kwana ta 1 ita ma na hau, don ba za a ce ɗan Wudil ya shigo da ƙafa ba.

Awa biyar da 'yan mintuna. Na zaci zan tarar da wuri shiru, daga ni sai gajimare. Kasuwa na tarar. Rumfunan riguna da huluna, babura ɗaruruwa, hayaƙin tsiran naman alade ya cika ko'ina, ga yunwa kamar ta kashe ni ga abin da ba na ci. Baba da ɗansa sun fi awa biyu a nan, har sun yi ɗan barci. Baba ya saya mini shayi da wainar tuffa, ya ja ni gaban wani dutsen tunawa ya cire hula. Fausto Coppi ke nan, in ji shi. A 1953, shekarar da Giro ya fara bi ta nan, a kan wannan hawan Coppi ya tsere wa Hugo Koblet ɗan Suwizalan ya ƙwace rigar jagora, ya ci gasar. Tun 1965 duk wurin da ya fi tsayi a tseren kowace shekara da sunansa ake kiransa, Cima Coppi. Na cire tawa hular ni ma. A wannan lokacin ko cewa ya yi in durƙusa zan durƙusa, in dai ba zai ce in tashi ba.

Na tsaya a ƙarƙashin allon da aka rubuta sunan wurin, yaron ya ɗauke ni hoto, na tura zauren WhatsApp na gidanmu don a nuna wa Hajiya shaida.

Sai sanyi ya ce ga ni. Gumin jikina ya huce, iska tana busowa daga ƙanƙara, haƙorana suka fara kaɗa kalangu. Duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6, ni kuwa rigar da na baro Prato da ita ce a jikina. Baba ya samo tsohuwar jarida ya cusa mini a ƙirji ta cikin riga, ya ce haka mahayan da suke yi. Ya ce in fara gangarawa ta ɗaya ɓangaren kafin in daskare, za su biyo ni in sun biya kuɗin shayi. Ya yi wani bayani mai tsawo da hannu, na ji "kilomita 3", na ji "dama". Na ce na gane.

Gangara kuwa, a nan nauyina ya yi rana. Keke ya ɗauke ni kamar an harba kibiya, yatsuna sun ƙage a kan birki, hawaye suna komawa ta kunne. Ba a jima ba na ga hanya ta rabu, ta dama da jar tuta mai farin gicciye. Suwizalan. Na yi lissafi irin na mai ilimi: motarmu a Italiya take, takardar zamana tana cikin motar, me zai kai ni ƙasar mutane? Na miƙe abina. Na ratsa wasu ramukan dutse masu duhu da ɗigar ruwa ina karanta duk addu'ar da na haddace, na yi ta gangara wajen kilomita 21, har na faɗo wani kyakkyawan gari mai ɗumi. Bormio.

Na jingina keke, na tambayi wani mai shagon kofi hanyar Prato mafi kusa. Ya fito waje, ya kama kafaɗata ya juya ni, ya nuna mini dutsen da na sauko.

Ashe ta hannun daman nan, ta mashigar Umbrail, ake bi a ɗan ratsa Suwizalan a zagayo Prato cikin sauƙi. Su Baba sun bi ta can suna ta gudu su cim mini, ba su gan ni ba. Yaron ya ce har tsohon ya fara cewa lallai mutumin nan bai iya hawa ba amma a gangara aljani ne. Wannan yabo ya rayu minti arba'in, sannan na kira su.

Da mota suka zo ɗaukata, suka sake haye dutsen suka sauko, muka sake haye shi tare. Baba yana tuƙi yana ƙirga mini kwanonin da ƙarfi, wannan karon daga 1 zuwa 48, in ya zo inda na faɗi sai in nuna masa.

Da dare na buɗe waya na tarar da saƙo 63 a zauren gida. Ƙanina, wanda na sha ɗorawa a kan buhun gero, shi ya zuƙo hoton ya zagaye wani wuri da jan layi. A bayana daidai kafaɗata wani ƙaton Bajamushe ɗan babur ne ya ɗaga kofin giya kamar tulu yana dariya, kuma yadda hoton ya fito sai ka rantse miƙo mini yake yi. Ni kuma ga ni ido jajur, ba dogon wando.

Na yi bayani da murya, na yi a rubuce, na ɗauki hoton faifan giyar keke na tura. Kawu ya ce ya fahimta, amma dai in ji tsoron Allah. Hajiya ta sa an yi sauka. Yau wata huɗu ke nan, duk ranar Juma'a in na kira ta, kafin ta tambayi aiki sai ta sassauta murya ta ce, "Babana, ka dai daina ko?"